Le Creusot: Garin da Maƙera Ta Haifa

Wanda ya shigo Le Creusot ta kudu, abin da zai fara tarbarsa guduma ce, tsaye a tsakiyar shataletale, tsayinta mita 21. An gama ƙera ta a 1877, ta yi aiki har 1930, sannan a 1969 aka kwance ta daga masana'anta aka kafa ta a bakin gari. Sauran garuruwan Faransa da hasumiyar coci ko tsohuwar fada suke tinƙaho. Wannan gari na yankin Bourgogne, wanda ake furta sunansa kamar "Kruzo", da kayan aiki yake gabatar da kansa, kuma bai yi ƙarya ba. Mutanensa yau ba su wuce 21,000 da 'yan kai ba, amma a nan aka ƙera kan jirgin ƙasa da igwa da sulken jiragen yaƙi, a nan kuma ake ƙera manyan sassan tukwanen nukiliyar Faransa.

Abin da ke ɗaure kai shi ne wurin bai dace da sana'ar ba. Babu kogi, babu teku, tamar yankin ba ta da kyau, kwal ɗinsa ma bai cika biyan buƙata ba. Duk tarihin garin, da halin mutanensa, ya fito ne daga yadda aka yi ta neman hanyar rufe wannan giɓi.

Zubin farko

Tun ƙarni na 16 manoman wurin suke tonon kwal da ya leƙo a gefen tudu. A 1768 wani masanin ƙarafa, Gabriel Jars, wanda ya zaga masana'antun Ingila, ya zo ya duba, ya ce za a iya narka tama a nan da gasasshen kwal kamar yadda Ingilawa suke yi. A lokacin Faransa da gawayin itace take narka tama, dazuzzuka suna ƙarewa, rundunar ruwan sarki kuma tana neman igwa. A 1782 aka fara gina masana'antar zubi ta sarki, da jarin François-Ignace de Wendel da abokansa, da basirar wani Baturen Ingila, William Wilkinson. Sarki Louis na 16 da kansa yana da hannun jari. Ranar 11 ga Disamba 1785 aka yi zubin farko.

Gasa kwal ba ado ba ne. Ɗanyen kwal in aka loda shi a dogon tanderu, narkewa yake ya manne, ya toshe hanyar iskar zuga, ga kuma farar wuta da ke cikinsa tana shiga ƙarfe ta sa shi tsagewa in ana ƙira da zafi. In aka gasa shi a rufe, kwalta da hayaƙi su fita, sai ya bar dunƙule mai ƙarfi mai huji-huji da zai ɗauki nauyin tama da farar ƙasa ba tare da ya murƙushe ba. Matsalar ita ce ba kowane kwal ke dunƙulewa haka ba, kuma wani sashe na kwal ɗin Le Creusot busasshe ne, sai an gauraya shi da na wani wuri. Tamar da ake kawowa daga wajejen Couches kuwa tana da fosforas, sinadarin da ke sa ƙarfe ya yi gautsi in ya huce. Igwa mai gautsi ta fi hatsari ga mai harba ta fiye da wanda aka auna. Dole aka riƙa haɗawa da ƙarfen gawayi da aka sayo daga nesa, riba ta tafi a kuɗin dako.

Dakon ma aiki ne. Hanyar ruwan da aka haƙa don haɗa kogin Loire da na Saône, wato Canal du Centre, an buɗe ta a 1793, amma ta Montchanin ta bi, kusan kilomita 10 daga garin. Sai an ja kaya zuwa can kafin su hau jirgi.

Shekara hamsin masana'antar tana faɗi-tashi, tana sauya hannu. Masana'antar gilashin ƙarau ta sarauniya Marie-Antoinette, wadda aka dawo da ita nan a 1787, abokan gasarta Baccarat da Saint-Louis suka saye ta a 1832 don kawai su kashe wutarta. Wasu Ingilawa biyu, Manby da Wilson, suka karɓi ɓangaren ƙarfe a 1826, suka kawo salon ƙirar ƙasarsu, suka gina wa ma'aikata jerin gidaje wajen arba'in da har yau suke tsaye a Combe des Mineurs, suka karye a 1833.

Abin da 'yan gidan Schneider suka gane

A ƙarshen 1836 wasu 'yan'uwa biyu daga yankin Lorraine na gabashin Faransa, Adolphe da Eugène Schneider, suka sayi masana'antar da kuɗin bankin Seillière da na Louis Boigues, wani mai maƙera da ke da alaƙar aure da Adolphe. Garin a lokacin bai kai mutum 3,000 ba. Sun zo a kan gaɓa, domin Faransa ta fara shimfiɗa layin dogo. Amma sa'a kaɗai ba ta isa bayani ba. Abin da suka gane shi ne mai tama mara kyau a wuri mai nisa ba zai taɓa cin kasuwar ɗanyen ƙarfe ba. In tan guda na ƙarfe zai biya kuɗin dakonsa, sai ya fita a matsayin inji. A 1838 suka fitar da La Gironde, kan jirgin ƙasa na farko da suka ƙera. A 1839 suka buɗe wurin ƙera jiragen ruwa a Chalon, bakin kogin Saône.

Injin jirgin ruwa yana buƙatar ƙaton sandar ƙarfe da gudumar wancan zamani ba ta iya bugawa, don gudumar tana lilo ne a kan ƙota: in abin da ake bugu ya yi kauri, ba ta samun tazarar faɗowa. Injiniyan kamfanin, François Bourdon, ya ɗaure kan gudumar kai tsaye a sandar fistin, tururi ya ɗaga ta sama ta faɗo a miƙe. A farkon shekarun 1840 ta fara aiki a Le Creusot. Har yau Faransawa da Ingilawa ba su gama jayayya ba kan ko shi ne ya riga ko James Nasmyth, wanda ya zana irinta a daidai wannan lokaci.

Adolphe ya faɗo daga doki ya mutu a 1845, Eugène ya riƙe ragama shekara talatin. A 1865 kamfanin jirgin ƙasa na Great Eastern a Ingila ya yi odar kawunan jirgi 15 daga Le Creusot, abin da Faransawa suka ɗauka kamar almajiri ya ba malaminsa karatu. Kafin 1870 ma'aikata sun kai wajen 10,000, garin ya haura mutum 23,000.

Sai zamanin sitil ya zo, ya kusa kashe wurin. Bambancin ƙarafan uku a yawan kabon yake. Ƙarfen zubi da ke fitowa daga tanderu yana da kashi 3 zuwa 4 cikin 100, yana da tauri amma yana fashewa. Ƙarfen ƙira kusan babu kabon a cikinsa, yana lanƙwasuwa, kuma da hannu ake samar da shi: mutum ya tsaya bakin wuta da doguwar sanda yana tuƙa narkakken ƙarfe wajen kilo 200 har ya yi kauri ya cure shi. Sitil yana tsakani. Dabarar Bessemer, wadda ta iso Le Creusot a 1870, hura iska ce ta cikin narkakken ƙarfe, kabon ya ƙone cikin minti ashirin ba tare da ƙarin makamashi ba. Sai dai ba ta cire fosforas. Tamar Mazenay da kamfanin ke haƙa a kusa ba ta da amfani a wannan tukunya, dole aka nemo tama mai tsabta daga tsaunukan Alps da Aljeriya. A 1869 kuma an riga an sayi ma'adinan kwal na Montchanin da La Machine don cike giɓin na gida.

Da dabarar Thomas ta bayyana a ƙarshen shekarun 1870, inda ake shafe cikin tukunya da dutsen dolomit a zuba farar ƙasa ta zuƙe fosforas, sai aka ce an huta. Schneider ya sayi lasisin a 1879. Amma wanda ya fi cin moriya shi ne Lorraine, mai shimfiɗaɗɗiyar tama mai fosforas da a da ba a iya amfani da ita. Daga ranar, layin dogo da ƙarfen gini sun zama na Lorraine. Schneider ya san haka, shi ya sa ya haɗa jari da gidan Wendel suka gina masana'anta a Jœuf. Le Creusot kuwa aka tura shi ga abin da wasu ba su iya ba: manya, masu kauri, masu wuyar sha'ani.

A nan gudumar bakin gari ta shigo. Nauyin kanta tan 100, tana faɗowa daga tazarar mita 5 a kan uwar maƙera mai tan 750. Tanderu huɗu da injinan ɗaga kaya huɗu suka kewaye ta, suna ciro jan ƙarfe suna juya shi tsakanin bugu da bugu. Ta ninka gudumar Krupp ta Jamus, mai tan 50. Masu tuƙa ta suna nuna wa baƙi gwaninta ta hanyar fasa ɓawon gyaɗar Turawa ba tare da taɓa ƙwayar ba. A gwajin da sojan ruwan Italiya suka yi a La Spezia a 1876, farantin sitil na Schneider mai kaurin santimita 55 ya tare harsashin igwa mai tan 100, alhali harsashin ya huda farantan ƙarfen ƙira. Farantin ya tsattsage, amma ya tare. Maganin tsagewar shi ne ɗan nikel da aka fara zubawa a ƙarshen shekarun 1880, kuma a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin ne Floris Osmond da Jean Werth suka yi aikin duba ƙwayoyin sitil da madubin ƙara girma, aikin da ya zama ɗaya daga tubalan ilmin ƙarafa na zamani. Bayan dokar 1885 ta sakar wa 'yan kasuwa mara su sayar da makamai waje, igwar Creusot ta zaga duniya. Manyan igwogi huɗu masu baki milimita 155 da Buwa, Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, suka yi wa Ingilawa luguden wuta da su a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899, waɗanda ake kira Long Tom, daga nan suka fito.

Ita kanta gudumar ta tsufa da wuri. Bugu na ɗan ƙiftawar ido fatar ƙarfe yake aikatawa, ba ya kai ƙarfinsa tsakiyar ƙaton curi, inda ramukan da sanyi ya bari suke. Injin matsi mai aiki da ruwa yana danna ƙarfe a hankali har cikinsa ya haɗe. Shi ya gaje ta, shi ne kuma ke aiki a garin har gobe.

Ladan kuturu

Irin wannan aiki ba a yinsa da ɗan ci-rani. Mutumin da zai kalli launin jan ƙarfe ya san ko ya isa bugu, shekaru ake yi ana renonsa, kuma in ya tafi ya tafi da jarin kamfani a kansa. Gari ne a tsakiyar karkara, babu wata kasuwar ma'aikata a kusa. Don haka gidan Schneider suka ɗauki hanyar da za ta ɗaure mutum da 'ya'yansa da jikokinsa a wuri guda. Masu yabonsu suna kiran abin tausayi, masu suka suna kiransa bauta. Lissafi ne, kuma lissafin ya yi aiki.

Makarantar kamfani ta buɗe tun 1837. Ana jera yara bisa maki, kuma matsayin yaro a aji shi ke yanke inda za a kai shi: na sama su tafi ofishin zane ko ajin share fagen makarantar injiniyoyi, na tsakiya ɗakin haɗa inji, na ƙasa bakin wuta ko ramin kwal. Ɗan lebura mai ƙwaƙwalwa yana iya zama injiniya, wannan gaskiya ne kuma ya faru. Amma uban da ya yi wa shugaban sashe tsaurin ido ya san ba kansa kaɗai ya jefa a hatsari ba.

A harkar gidaje an fara da dogayen bariki masu hawa, aka ga suna tara mutane wuri guda suna ƙulla magana, aka watsar. Daga 1865, da unguwar Villedieu, aka koma ƙananan gidaje kowane da lambunsa, daga baya aka fi karkata ga ba ma'aikaci bashi ya sayi fili ya gina nasa. Mai lambu yana gida da yamma maimakon mashaya, mai bashi kuma ba ya saurin ajiye aiki. A zamanin Henri Schneider, ɗan Eugène, aka kafa tsarin fansho a 1877, gidan tsofaffi a 1887, babban asibitin Hôtel-Dieu a 1894. Cocin garin ma sunayen gidan suke ɗauke da su, Saint-Henri da Saint-Eugène da Saint-Charles. A dandalin gari akwai mutum-mutumin Eugène na farko, a ƙasansa wata uwa tana nuna wa ɗanta shi da hannu. A 1856 dubban mazauna suka sa hannu a takardar neman a sauya sunan garin zuwa Schneiderville. Eugène bai karɓa ba, ba ya buƙata. Shi ne magajin gari, shi ne ɗan majalisar yankin, shi ne shugaban majalisar dokokin Napoleon na 3 daga 1867, shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu maƙeru ta ƙasa da na bankin Société Générale.

Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma an ga askin a Janairun 1870. Asusun taimakon marasa lafiya daga albashin ma'aikata ake yankarsa, amma kamfani ke juya shi. Eugène, da yake ya tabbata da mutanensa, ya ce a kaɗa ƙuri'a kan wa zai riƙe asusun. Mafi yawan waɗanda suka kaɗa suka ce su za su riƙe kayansu. Aka kori wanda suka zaɓa ya jagorance su, Adolphe Assi, aka shiga yajin aiki, gwamnati ta turo soja wajen 3,000. A Maris masu haƙar kwal suka yi nasu, aka ɗaure da dama. Da daular Napoleon ta faɗi a Satumba, wani ma'aikaci, Jean-Baptiste Dumay, ya zama magajin gari, ranar 26 ga Maris 1871 ya ayyana mulkin talakawa irin na Paris. Kwana biyu abin ya yi, soja suka karɓe gari, Dumay ya tsere Suwizalan.

Zagaye na biyu ya zo a 1899 zuwa 1900, zamanin Eugène na biyu, ɗan Henri. Firayim Minista Waldeck-Rousseau ya shiga tsakani a Oktoban 1899, ya yanke cewa kowane sashe zai zaɓi wakilin da zai kai kuka gaban shugabanni, abin da bai zama dokar ƙasa ba sai 1936. Kamfani ya amsa, sannan ya ɗaure wa wata ƙungiyar ƙwadago mai biyayya gindi. Ita ce ake lissafawa a farkon ƙungiyoyin da Faransawa ke kira "masu ruwan ɗorawa", kalmar da har yau zagi ce ga mai karya yajin aiki. Da yajin 1900 ya faskara, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, kuma wanda aka sallama a garin da mai aiki ɗaya ne, gari ya bari. Shirun da ya biyo baya ya yi tsawo har a 1936, lokacin da ma'aikatan Faransa suka mamaye masana'antu ko'ina, Le Creusot bai motsa ba. Kilomita ashirin daga nan, Montceau-les-Mines, garin masu haƙar kwal, a lokacin ja ne, wato a hannun 'yan gurguzu yake tun 1900. Maƙwabta ne, amma halinsu ya sha bamban, kuma tushen bambancin a nan yake.

Yaƙi biyu da karyewa

Yaƙin duniya na farko ya kai garin ƙololuwa, mutane kusan 38,000, da ma'aikata daga Sin da Aljeriya da Fotugal. Bayan yaƙin Schneider ya riƙe har kamfanin Škoda na Cekosulobakiya, ya sake shi a 1938. Dogayen tanderun narka tama na garin an kashe su a 1935, haƙar kwal ta tsaya a 1943. Wato abubuwan da suka haifi garin sun ƙare, garin bai ƙare ba.

Jamusawa sun shigo a Yunin 1940. Ranar 17 ga Oktoba 1942 jiragen Lancaster 94 na Birtaniya suka zo da yammaci don rusa masana'antar, aka sake dawowa da dare a Yunin 1943 da jirage kusan 300. Da yake gidaje manne suke da katangar masana'anta, akasarin bama-baman a kan unguwanni suka sauka. Harin na biyu kaɗai ya kashe fiye da mutum 300.

Charles Schneider, ɗan Eugène na biyu, ya sake gini, ya juya ga lantarki da nukiliya. Kan jirgin BB 9004 da ya yi gudun kilomita 331 a awa a Maris 1955 aikin gidan ne, kuma a 1958 aka kafa Framatome, kamfanin ƙera tukwanen nukiliya, tare da Westinghouse na Amurka. Charles ya mutu a 1960 ba tare da magajin da zai riƙe ba, gidan Empain na Beljiyam suka shigo, a 1970 aka haɗa masana'antar da wasu na yankin Loire aka kira su Creusot-Loire. Sabon kamfanin ya yi faɗi ba zurfi: sana'o'i barkatai, jari kaɗan, ga asarar wani kamfanin sitil da ya saya a Amurka, ga kasuwar ƙarfe da ta faɗi bayan 1974. Ribar Framatome ce ke rufa asiri. Gwamnati tana zuba kuɗi a kamfanonin ƙarfe na Usinor da Sacilor da suka zama nata, Creusot-Loire kuwa na 'yan kasuwa ne, aka yi ta ja-in-ja tsakanin shugabansa Didier Pineau-Valencienne da ministan masana'antu Laurent Fabius kan wa zai biya. Ba wanda ya biya. A ƙarshen Yunin 1984 aka kai kamfanin kotu, ranar 12 ga Disamba aka rushe shi, karyewa mafi girma da masana'antun Faransa suka gani zuwa lokacin. Sunan Schneider ya bar garin ya bi kayan lantarki, shi ne Schneider Electric na yau.

Aka yanka masana'antar kamar naman watanda. Narka sitil da faranti masu kauri suka tafi Usinor, yau Industeel na ArcelorMittal. Ƙafafun jirgin ƙasa suka koma Alstom, wanda ke ƙera na TGV, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, da na jiragen cikin birni a nan. Injinan matsa iskar gas suka zama Thermodyn. A 1987 Snecma, Safran na yanzu, ya buɗe sabon wurin ƙera fayafayan injin jirgin sama. Jirgin TGV da ya fara tsayawa a tashar yankin a 1981 ya mai da Paris tafiyar awa ɗaya da minti ashirin, abin da ya taimaka wajen jawo kamfanoni, ya kuma sauƙaƙa wa matasa tafiya.

Siffar garin har yanzu ta masana'anta ce. Ba shi da tsakiya irin ta sauran garuruwa, domin masana'anta ce ta zauna a kwarin tsakiya, unguwanni suka hau tuddai suka kewaye ta, kowace da cocinta da kasuwarta. Sai bayan 1984 aka rushe tsofaffin rumfuna aka yi ƙoƙarin ƙirƙiro cibiya. Rumfar haɗa kawunan jirgi ta tsakiyar ƙarni na 19 ta zama laburaren jami'a. Gidan Schneider, wato tsohuwar masana'antar gilashi da dogayen tanderunta biyu masu siffar malfa, ya zama gidan tarihi. Layin dogon da ake kwashe kashin ƙarfe da shi yanzu 'yan yawon buɗe ido yake ɗauka. A 1977 garin ya zaɓi Camille Dufour, ma'aikaci ɗan ƙungiyar ƙwadago, magajin gari, shekara 17 bayan mutuwar Schneider na ƙarshe.

Kabon a murfin tukunya

Maƙerar kanta, zuciyar wurin, ita ta fi shan wuya a rabon. Ta yi ta sauya hannu a shekarun da Faransa ta daina odar sabbin tashoshin nukiliya, tsofaffin ƙwararru suka yi ritaya, a 2003 aka sayar da ita ga wani ɗan kasuwa, Michel-Yves Bolloré. A 2006 Areva ya saye ta, wato kamfanin da a lokacin yake haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar. A daidai wannan tsakani, 2006 zuwa 2007, aka ƙera murfi da gindin tukunyar sabuwar tashar nukiliya ta Flamanville, duk da hukumar kula da lafiyar nukiliya, ASN, ta riga ta rubuta wasiƙun gargaɗi kan ingancin aikin maƙerar tun 2005.

Ga abin da ya faru. In aka zuba narkakken sitil a ƙaton mazubi, daga gefe da ƙasa yake fara daskarewa. Ƙwayoyin da suka fara daskarewa ba sa riƙe kabon da yawa, suna tura shi cikin ruwan da ya rage. Ruwan ƙarshe a sama ta tsakiya yake taruwa, don haka nan ne kabon ke cunkushewa, kuma gwargwadon girman curin gwargwadon munin abin, saboda ya fi daɗewa bai huce ba. Maƙera sun san wannan tun zamanin Osmond. Maganinsa a sare kan curin a yar, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar. In zobe ake ƙerawa, ana huda tsakiyar a fitar da ita, matsala ta tafi. Murfi kuwa ba a huda shi: danna curin ake ya baje kamar faifai, a lotsa shi ya zama kamar ƙwarya, sai tsakiyar saman curin ta zauna daidai tsakiyar murfin. In ba a sare da yawa ba, ba a kuma kankare da yawa ba, kabon yana nan.

Don tukwanen da suka gabata ana amfani da ƙananan curi da wata dabarar zubi da ke tura kabon zuwa fatar sama inda za a kankare shi. Murfin Flamanville ya fi girma, sai aka zuba curi na gargajiya mai tan 157. Ba a gwada tsakiyar ba sai ƙarshen 2014, a kan wani murfi ɗan'uwansa, bayan an riga an girke tukunyar a mazauninta. Aka sami kabon wajen kashi 0.30 cikin 100 inda iyaka take 0.22. Gwajin juriya kuwa sauƙi gare shi: a yanko 'yar sanda mai kaurin milimita 10 da tsawon 55, a yi mata tsaga, a sake mata guduma mai lilo, a auna ƙarfin da ta sha kafin ta karye. Doka tana neman jul 60, jul kuwa shi ne ma'aunin wannan ƙarfi. Aka sami tsakanin 36 da 64, matsakaici 52. Ma'anarsa, in aka kwarara ruwan sanyi cikin tukunya mai zafi lokacin gaggawa, ƙarfen ya fi kusa da tsagewa fiye da yadda aka zana. ASN ta sanar a Afrilun 2015.

Binciken da ya biyo baya ya tono abin da ya fi kabon muni. A 2016 aka gano fayiloli wajen 400, wasu tun 1965, masu alamar layi biyu a bango, alamar cewa abin da ke ciki bai yi daidai da takardar da aka ba mai kaya ba. Ba duka ne masu hatsari ba, amma ɗaya ya isa misali: wani zoben tukunyar tururi ta tashar nukiliya ta Fessenheim 2 da aka ƙera a 2008, an ga in aka sare kan curin yadda ya kamata zoben zai gaza tsawo, sai aka bar shi, aka yi shiru. An tsayar da tashar daga Yunin 2016 har Afrilun 2018. Lura da shekarar 1965: ɗabi'ar ta girmi karyewar 1984, ta samo asali tun lokacin da maƙeri ke ganin idonsa ya fi takarda, kuma a gidan da aka yi ƙarni guda ana koya wa mutane cewa magana ba ta fita waje. Muddin idon yana nan, ɓarnar ba ta bayyana ba. Da idon ya yi ritaya sai ɗabi'ar ta rage ita kaɗai.

An dakatar da aikin nukiliya a maƙerar, aka bi dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya, aka sake tsarin auna zafi da ajiye bayanai, ta koma ƙarƙashin Framatome, wanda EDF, kamfanin lantarki na gwamnatin Faransa, ya mallaka daga 2018. Injinan matsinta biyu, mai tan 11,300 da mai tan 9,000 da aka girka a 2014, suna da aiki a gaba: a nan Shugaba Macron ya zo a Disambar 2020 ya sanar cewa sabon jirgin dakon jiragen yaƙin Faransa da nukiliya zai yi tafiya, kuma daga nan ake sa ran manyan sassan sabbin tashoshin da ƙasar ke shirin ginawa. Tukunyar Flamanville kuwa, ASN ta yarda a 2017 a yi aiki da ita bisa sharaɗin a riƙa duba gindin, a kuma sauya murfin. Tashar ta fara ba da wuta a Disambar 2024. Sabon murfin, a Japan aka yi odar ƙirarsa.